Huhun da Ba a Yayyafa wa Ruwa Ba

Gidanmu na Agege yana bayan layin dogo, kusa sosai, har idan jirgin Arewa ya wuce sai kwanukan Kaka su yi ta karkarwa a kan kanta. Ƙamshin gidan bai taɓa barin hancina ba: ɗanyen goro, jiƙaƙƙen ganyen fita, da hayaƙin ɓawon lemo da Kaka ke jefawa a murhu don korar sauro. Baba fataucin goro yake yi. Matan Yarabawa su kawo daga gona, a tsakar gidanmu a wanke, a tsince mai sankara, a jera a huhu cikin ganye, a yayyafa ruwa, sannan a kai tasha.

Da an yi magariba an ci tuwo, sai mu kewaye sauran garwashin a ƙarƙashin rumfar kwano, ni da yayyena biyu, Sani da Rakiya. Ni ba mai magana ba ce. Kaka ma Kurma take kirana. Wurina bayan turmi ne, inda nake ganin kowa ba mai ganina.

Baba shi ne ɗan Kaka na fari. Saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan tana so ya ci abinci sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa mutumin nan tuwo na hucewa," alhali yana zaune a kujerarsa da rediyo, taku uku tsakaninsu.

A shekarar da nake ba da labari, bayan yaƙin basasa ya ƙare kuɗi sun shigo gari, goro ya yi kasuwa. Sani da Rakiya sun gama firamare tare, sun kuma ci jarrabawar sakandare tare, ita da maki mafi yawa. Baba ya ce Sani zai tafi, Rakiya za ta zauna. Aiki ya yi yawa, kuma babu mai idonta wajen gane sankara, babu mai iya ciniki da Yarbanci kamarta. Ya ƙara da cewa karatun mace ai gidan wani yake tafiya. Saura kwana uku a rufe karɓar sunaye.

Ran nan Kaka ta daɗe tana tona toka kafin ta buɗe tatsuniya da irin nata salon, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Muka ce, "Mun matsa, ta zauna."

Wai wani falke ne ya ɗora wa jakinsa huhu biyu na goro, ɗaya dama ɗaya hagu, ya kama doguwar hanya. Na dama shi zai sayar. Na hagu kuwa tsaraba ce da zai kai gidan surukai. Duk zangon da ya sauka sai ya kwance na dama ya yayyafa masa ruwa, ya juya ganye. Na hagu ko kallo. "Wannan ai gidan wani za shi," in ji shi. A zango na uku jaki ya ce, "Maigida, kayana ya fara karkata." Falke ya ce ya yi masa shiru.

Sani ya tuntsire da dariya. "Kaka, jaki da magana?"

"Kai ma ga shi kana yi, wa ya hana ka?"

Ta ci gaba. Kullum na hagu yana bushewa yana rage nauyi, na dama yana jan igiya. Da suka zo ƙetare wani kogi, suna tsakiyar ruwa, kayan ya juye ta ɓangaren mai nauyi. Igiya ta tsinke, ruwa ya tafi da huhun da aka sha wahala a kansa. Falke ya fito gaɓa da na hagu kaɗai. Ya kwance ganye, sai ya ga ashe marsa ce zalla, manya-manya, irin da bai taɓa riƙewa ba, amma duk sun ƙeƙashe kamar tsakuwa.

Daga bayan turmi na ga abubuwa uku. Baba ya rage muryar rediyo tun daga zango na biyu. Rakiya tana ta yage wani ganyen fita siri-siri a cinyarta. Kaka kuma, wadda kullum take rufe tatsuniya da kan ɓera da barkwanci, ba ta rufe wannan ba. Ta zuba wa garwashi ido, kamar mai jiran a ce wani abu.

Sai Baba ya miƙe ya saɓa rigarsa.

"Rakiya, gobe akwai kaya da sassafe."

"To, Baba."

Bayan wata ɗaya Mama ta rage mini yunifom ɗin Rakiya. Shatin tsohon ɗinkin bai ɓace ba, wani fari-farin layi a ƙasan siket ɗin, ina tafe da shi makaranta kullum.

Ni na yi karatu, amma ba tatsuniya ce ta kai ni ba. Da lokacina ya zo, Rakiya ce ta durƙusa gaban Baba ta ce, "Ni na zauna. Ita ba za ta zauna ba." Ya dube ta, ya ce to. Kaka ba ta ga wannan ranar ba.

Sani ya samu aikin ofis a Ikeja, bai sake waiwayar goro ba, ban kuma ga laifinsa ba. Fatauci ya bar jirgi ya koma manyan motoci da takardu da banki. 'Ya'yan matan nan da ke kawo mana goro, waɗanda iyayensu suka bar su a makaranta, su suka sayi motocin. Tsakar gidanmu ta yi ta raguwa daga huhu ashirin zuwa biyar, zuwa babu. Rakiya ta koma wanke goron wasu.

Na daɗe ina ɗaukar darasin tatsuniyar a kan falke ne, kuma haka ne: gidan da ya shayar da rabin 'ya'yansa, shi da kansa kayan ke karkace wa. Na ga hakan a gidanmu, na gan shi a unguwa, ina ganinsa a ajin da nake koyarwa duk sanda kujerar wata yarinya ta zama babu kowa. Amma akwai ragowa. Shekarar da Baba zai rasu, ina ba shi kunu, ya ce da ni, "Kin tuna jakin nan na Inna? Na gane abin da take nufi. Jira na yi ta juyo ta ce, bar yarinyar nan ta tafi. Da ta faɗa, ban isa in ƙi ba."

Na kai wa Rakiya maganar. Na same ta a kan daro, hannayenta sun rine ja har wuyan hannu. Ba ta ɗago ba. Ta ɗebi ruwa a tafi ta yayyafa wa huhun da ke gabanta, ta mayar da ganye.

"Taku uku ne fa tsakaninsu," in ji ta.