Magogin Goron Kaka

A gidanmu na Gure, idan sanyi ya shigo, ana idar da sallar isha'i sai mu kewaye wutar Kaka. Haƙoranta sun zube, amma ba ta tatsuniya sai da goro a baki. Akwai magoginta, murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. Wanda ya goga mata goro shi ke zama jikin ƙafarta, shi ke zaɓar tatsuniya. Shekara biyu aikina ne, ba mai taɓa mini.

Sai aka kawo Falmata daga Kelle, 'yar kawuna, bayan rasuwar uwarta. Kwana uku da zuwanta Kaka ta miƙa mata magogin a gabana. Wallahi na ji zafi. Yarinyar ko riƙon goro ba ta iya ba, har yatsanta take gogewa, amma Kaka sai ta ce, "Madalla, 'yar nan, hannunki da albarka." Na kai ƙara wurin Inna, ta ce, "A kan murfin gwangwani kike wannan kumburi? Tashi ki ba ni wuri."

Washegari na binne magogin a rairayin bayan gida.

Da aka nema aka rasa, Kaka ba ta tuhumi kowa ba. Ta juya goronta a hannu, ta ce yau ita za ta zaɓa. Ta ba mu labarin wa da ƙane masu lambu a kwari ɗaya. Wata 'yar tsuntsuwa kullum kan dabinon ƙanen take sauka ta yi kuka, abin ya tsaya wa wan a rai. Ya sare dabinon. Tsuntsuwa ta bar kwarin, inuwar da ke kare shukarsu su biyu ta tafi, rana ta ƙone komai.

"Tsuntsuwa fa," in ji Kaka, tana kallon wuta. "Ko miya ba za ta yi ba."

Da safe na tono na mayar. Falmata ta ci gaba da guga har Kaka ta rasu.

Kwanan baya ɗana da ke lise, makarantar sakandare, ya zo da wata kalmar Ingilishi, trivial, wai abin da bai kai a damu da shi ba, ya ce in ba shi misali. Na rasa. Na san Kaka ta yi daidai, marainiya ta fi ni buƙatar wurin nan. Amma duk abin da na ji an kira ƙarami, ba daga hannun mai faɗin aka karɓe shi ba. Yau ni da Falmata duk mun yi furfura, kuma ina son ta. Sai dai in ta fara ba jikokinta tatsuniyar Kaka, tashi nake in ce zan duba tukunya.