Bikon da Khala Mastura ta yi na ƙarshe

A unguwar Hindawiyya ta Jidda babu wanda bai san Khala Mastura ba. A Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Tuwo da miyar kuka take sayar wa ma'aikatan tashar jiragen ruwa, amma abin da ta yi suna a kai shi ne biko. Duk matar da ta yi yaji a unguwarmu, gidanta take sauka. Ta ci ta sha kwana uku, Khala ta cika mata kunne da "mahaƙurci mawadaci", sannan ta zura abaya ta raka ta ɗakinta. Ni kaina sau biyu tana mayar da ni, kuma har yau ina jin haushin na biyun.

Wata Laraba da hantsi wata baƙuwa ta faɗo mata gida ba ko takalmi. Sunanta Dilmaya, 'yar ƙasar Nefal, shekarunta ashirin da biyu. Da guntun Larabci da hawaye ta nuna mana cewa sharar asibiti aka ce ta zo yi, tana sauka aka karɓe mata fasfo aka kulle ta a wani bene a unguwar Bagdadiyya. Tana ambaton maza tana rufe fuska.

Na ce, "Khala, wannan fa ba yaji ba ne. Dubi wuyanta."

Ta ce, "Ke rufa mana baki. Wace 'yar aiki ce ba ta sha mari ba? Ba iƙamar zama a ƙasa, ba fasfo, ina za ta? Gara a yi sulhu."

Ita Khala cuta ɗaya ta sani, magani ɗaya. Rana ta uku ta samo lambar kafili, wato ubangidan da ya kawo ta ƙasar, a jakar yarinyar ta kira. Sai ga wani Hamad fes da shi, da wata Lama wai matarsa, ƙamshi na tashi. Ya sumbaci kan Khala, ya yi rantsuwa ba mai sake taɓa ta. Dilmaya ta ƙanƙame ƙarfen ƙofa. Khala ce da kanta ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Yalla, 'yata, halas, ya wuce. Yi haƙuri." Ina tsaye ina kallo, ban hana ba. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Bayan mako guda Khala ta ɗauki tuwo ta je ganin yadda zama ya kasance, kamar yadda take wa duk wadda ta mayar. Da ta tambayi uwargidan, mai gadin benen ya dube ta ya ce, "Ya hajja, wace uwargida? Babu iyalin da ya taɓa zama a nan. 'Yan mata ake ajiyewa, maza na shiga suna fita. Shekaranjiya aka kwashe su."

Ta kai rahoto wurin 'yan sanda, amma lambar a kashe take, sunan ma ashe ba nasa ba ne.

Da ta zo kakkaɓe shimfiɗar da Dilmaya ta kwana a kai ta tsinci hoto a ƙarƙashin matashi: wata 'yar yarinya mai giɓi, da lambar waya a bayansa. Ba mantuwa ba ce. Dilmaya ta san inda ake mayar da ita, shi ya sa ta bar hoton 'yarta a gidan da ta zaci akwai tausayi.

Tun daga nan Khala ba ta sake raka kowa ba. Tuwonta kawai take tuƙawa. Duk Juma'a bayan la'asar takan kira lambar, wata tsohuwa ta ɗauka da sauri tana cewa, "Dilmaya? Dilmaya?" Khala ba ta jin yarensu. Kalma ɗaya ta saba faɗa wa mai kuka, haƙuri, ita kuwa yanzu ba ta iya fitowa daga bakinta. Sai ta riƙe wayar a kunne har tsohuwar ta gaji da kira ta kashe.