Waƙar Ango Mai Koko a Ajin Malama Turai

Duk wanda ya taɓa sayen daddawa a wurin Hajaratu ta Madadi ya san hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Tana ba ka kaya, yatsunta suna kaɗa murfin kwano. Yaran yanzu sun ɗauka tsufa ne, alhali tsohuwar sana'a ce ta ƙi sakinta.

A zamaninta, daga Madadi har garin Jama'a, biki bai cika biki ba in Hajaratu ba ta kifa ƙwarya a ruwa ba. Ita ke kiɗa, ƙawarta Turai ke waƙa. A bakin turmi suke haɗa komai: Hajaratu ta fitar da kari daga saukar taɓarya, Turai ta ɗora masa magana tun kafin a gama surfe. Turai ba ta iya ƙirƙirar kari ko na rarrashin jariri, Hajaratu kuwa in ta haɗa baiti ita ma dariya yake ba ta. Amma in suka haɗu, sai mata su manta tuwo yana kan wuta.

Waƙarsu da ta fi tashe ta wani ango ce mai suna Ɗalha, a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma sai an bi layi. Bawan Allahn nan ya sa aka dama wa 'yan biki koko ba sukari, ya ce wai haka ya fi lafiya. Sai da ya shekara ba ya bi ta bakin rijiya saboda 'yan mata masu rera masa ita.

Daga nan bukukuwa suka yi ta ƙanƙancewa. Turai ta auri Malam Muhsin, aka kai ta Gude, gidan malamai inda ko tafi ba a yi da ƙarfi. Zumunci ya koma saƙon gaisuwa, saƙon ma ya yanke. Da aka ƙaddamar da Shari'a, biki ya koma walima da wa'azi, Hajaratu ta wanke ƙorenta ta zuba kalwa a ciki. Ba ta yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ne yake ci mata rai: ta ji an ce Turai ta zama malama, tana koyar da matan aure, kuma ta sa a ranta cewa yanzu Turai kunyar a ambaci sunansu tare take ji.

Bayan shekara goma sha shida ba su ji daga juna ba, sai ga saƙo ta bakin Hauwa dillaliya, wai Malama Turai ta ce ta zo ranar Laraba da hantsi.

"Shi ke nan," in ji Hajaratu, "wa'azi ya zo kaina."

Ta ari hijabin 'yarta, wanda ya yi mata tsawo har tana takawa, ta shiga mota zuwa Kabo, ta hau acaɓa zuwa Gude, tana ta shirya yadda za ta amsa laifinta.

A zauren gidan ta tsaya cak. Daga ciki mata sun fi ashirin suna rera farillan alwala, ana ba su suna amsawa. Maganar ta addini ce tsaf, amma karin nata ne. Na ango mai koko ne, ba a rage komai ba, har ɗan tsayawar nan da take yi kafin ta sauke ludayi a kan ƙwarya. Ta toshe baki da hijabi don kada dariya ta kuɓuce mata.

Turai ta fito, ta yi ƙiba, ga tabarau a hanci. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da gajiya, aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Hajaratu ta kasa haƙuri.

"Turai, ki ji tsoron Allah. Kokon Ɗalha ne fa!"

"Ke dai rage murya," in ji Turai, ita ma tana danne dariya. "Shekara takwas ke nan. Tsofaffin nan in na karanta musu daga littafi, kafin su kai gida ya zube. In na rera, ko a gindin murhu suna yi."

"Malam ya sani?"

"Tun ranar farko. Ya ce tunda babu ganga babu ashar, in ci gaba. Shi ma na sha kama shi yana yi ƙasa-ƙasa."

Sannan ta faɗi dalilin kiran. Kare-karen da suka haɗa a da sun ƙare, darasin azumi ya ci ɗaya, na taimama ya ci ɗaya. Yanzu mako uku ke nan ƙabli da ba'adi sun ƙi shiga kan matan. Ta gwada yin nata karin, wata tsohuwa ta tambaye ta ko ba ta jin daɗi ne. Shi ya sa take so Hajaratu ta fitar mata da sabon kari.

Dariyar Hajaratu ta tafi. "Ni fa na ɗauka kunyata kike ji."

Turai ta kama hannunta, ta ja ta har tsakiyar ajin.

"Kun daɗe kuna tambayata inda nake samo karin nan. To ga mai shi. Hajaratu ce, mai kiɗan ƙwarya ta Madadi, aminiyata tun muna 'yan mata. Duk abin da kuka haddace a nan, ba don ita ba da bai zauna muku ba. Ku gaishe ta."

Matan suka haɗa baki: "Sannu da zuwa, Malama!"

Hajaratu, wadda ba ta taɓa riƙe littafi ba, ta waiga ta ga wacce ake gaisarwa. Babu kowa a bayanta. Daɗi ya cika ta har hawaye suka zubo, sai da Turai ta zungure ta sannan ta tuna ba ta amsa ba.