Kogon Malam Uzairu

Da Malam Uzairu ya yi ritaya daga aikin malamin gona, sai ya naɗa kansa masanin tarihin Rano. Ba wanda ya hana shi, don ba mai neman kujerar.

Jarinsa ɗaya ne, wani kogo a gindin dutse can bayan gari. A cewarsa ramin ya bi ta ƙarƙashin ƙasa har Kibiya, ta nan magabata suke sulalewa in mahara sun kewaye ganuwa. Wa ya haƙa shi? A ina ya ɓulle? Nan zai ɗaga kafaɗa ya kurɓi shayi. Albarkacin wannan kafaɗa ake matsa masa a bencin mai shayi, ɗalibai su taso daga Kano su durƙusa suna cewa Allah ya ƙara sani.

Abin da bai taɓa faɗa wa majalisa ba, ya shiga kogon tun yana saurayi. Ko tsawon zaure bai kai ba. Kashin jemage ne, sai bango. Matarsa Saude kaɗai ta sani.

Kwatsam sai ga Khalid, ɗan ƙanwarsa, mai zauren masoya tarihi a Fesbuk.

"Kawu, ran Asabar za mu shiga. Za mu ɗauka a waya, duniya ta san ka."

"Akwai macizai."

"Mun tanadi dogayen takalma."

"Akwai mutanen ɓoye."

"Liman ya ce mu yi addu'a mu shiga."

Malam ya ji shayin ya sire masa. In suka shiga, da me zai zauna a benci?

Ana gobe Asabar, da tsakar rana, ya ari dagin haƙa a wajen maƙwabcinsa Tajuddeen. Ya hau dutsen, ya yi ta ɓanɓarar wani falalen da ke saman kogon har ya gangaro ya rufe bakin ruf.

Ran Asabar samari suka zo da igiya da tocila, suka tura, suka gaji. Malam ya fi kowa girgiza kai.

"Akwai waɗanda ba sa son a san gaskiya," in ji shi.

Yanzu sirrin ya zama biyu, benci ya ƙara cika.

A gida Saude tana murza masa man zafi a baya.

"Malam, su wa suka toshe?"

"Ana bincike."

"To, masu binciken su mayar wa Tajuddeen daginsa. Tun safe yake aike."