Wanzamin Kyaftin Huɗu

Shekara bakwai Kuramoto yana aski a jirgin ruwan yaƙi, kyaftin huɗu suka zauna a kujerarsa. Na farkon sanƙo gare shi, amma ya fi kowa fitina. Na huɗun ne ya sauke shi a tashar jiragen ruwa ta garin Kure, wai hannunsa ya fara rawa.

Ran da za a sallame shi, sojoji sittin ya yi wa aski. Al'ada ce mai tafiya yaƙi ya bar wa gida gashinsa, tunda teku ba ta mayar da gawa. Amma sauri ake yi, Kuramoto ya share duka ya zuba a buhu ɗaya. Bayan wata biyu jirgin ya nutse, har da kyaftin.

Iyayen sojojin mata suka riƙa zuwa shagon da ya buɗe a garin. Kowacce sai ya shiga ciki, ya ɗebo kaɗan daga buhun, ya naɗe mata a farar takarda.

Wata tsohuwa ta buɗe nata. "Wanzami, ɗana shekararsa goma sha tara. Wannan da furfura."

Ya dubi gashin. "Na kyaftin ne, Inna. Shi ba wanda ya zo nema."

Ta naɗe takardar, ta sa a ƙirjinta.