Awon jini a kasuwar raguna

Jama'a, ku ji yadda aka raba ni da kasuwa yau ana tsakar ciniki!

Ina taya ragunan wani Bafillace a Gidan Rumji, sai ga wata likita da ɗalibanta, wai suna bincike kan hawan jini tsakanin 'yan kasuwa. Kyauta! Kyauta a kasuwa? Na dai miƙa hannu. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce, "Alhaji, jininka ya hau ƙwarai. Sai asibiti yanzu."

Ina waigawa sai ga Sule dillali, wanda tun safe yake zagaya ragunan nan, yana murmushi!

Na ce, "Likita, tsakaninki da Allah, shi ya turo ku?"

Ta ce, "Ban ma san shi ba."

Na ce, "To, a auna shi."

Sule ya ce, "Ni? Garau nake, Alhaji!"

Ɗalibi ya ɗaura masa abin awo, ya duba, ya zaro ido. Nasa ya fi nawa!

Ga mu kwance a asibiti, gado kusa da gado. An ce mu huta, wallahi ba wanda ya runtsa, kowa na gudun kada a riga shi komawa wajen ragunan. Yanzun nan Sule ya ce zai zaga bayi. Na sauko ina sa takalmi.