Ranar da Na Shayar da Injin Jirgin Soja

Ko shekaruna zan iya mantawa, dama ban taɓa sanin su daidai ba, amma ranar da na shayar da injin jirgin sama ba za ta fita daga kaina ba.

Bayan yaƙin basasa ne. Akwai wani tsohon soja a Kazaure, mutumin Filato, makanikin jirage, muna ce masa Saje. Ya sayo tsohon injin ƙaramin jirgin soja a gwanjo ya gyara. Wani Alhaji daga Roni ya ce zai saya don jan ruwan lambu, amma sai ya ga injin ya yi aiki daga hantsi har la'asar bai mutu ba. In ya jure, ni ne mai kula da shi. Ni kuwa karen mota ne, bokona aji biyu, amma tuni na shaida wa 'yan tasha na zama matuƙin jirgi.

Ranar gwaji muka ɗaure injin da sarƙa a gindin tsamiya, aka tayar. Ƙararsa ta kori awakin unguwa kaf. Duk awa Saje ya duba mai, ya kasa kunne, ya rubuta a littafi. Da azahar Alhaji ya tafi masallaci, Saje ya leƙa gida cin abinci. Kafin ya tafi ya ce mini, "Ɗan'uwa, kallo kawai. Kada ka taɓa komai."

Injin sai huci yake, zafinsa na dukan fuskata. A mota, in inji ya yi zafi ruwa ake ba shi. Na zagaya ban ga lagireton da ake zuba wa ruwa ba, na ce ashe Saje ma yana mantuwa. Na ɗauko tulu cike da ruwan sanyi na kwara masa a ka. Sai na ji ƙas! Ya yi tari biyu, ya yi shiru.

Saje ya taho a guje, hannu duk miya.

"Me ka yi?"

"Ƙishi yake ji, Saje."

"A sama wa ke bin sa da tulu? Iska yake sha, iska!"

Kan injin ya tsage. Alhaji ya dawo, ya duba, ya ce Allah ya kyauta, ya shiga motarsa. Saje bai zage ni ba, zama kawai ya yi a ƙasa, kuma wannan ya fi mari ciwo. Na koma tasha, inda har yau tsofaffi ke ce mini Matuƙi.

Tun ranar, in aka ce kalla, kallo nake yi. Abin da ban sani ba, tambaya nake kafin in taimaka masa.